Ƙaramin gurub da motopom: man inji nawa kowanne yake ɗauka?

Ɗan'uwa, ka ce kana da ƙaramin gurub (janareta) mai lamba 950 a shagonka nan cikin Tahoua, ka kuma sayi motopom (injin ban ruwa) mai inji irin GX160 na Honda don garkar albasa. Kana tambayar man inji nawa za ka zuba wa kowanne, da kuma ko galan ɗaya zai ishe su duka. Bari in fara da ta biyun: kada ka haɗa musu mai ɗaya. Duka biyun isansi suke sha, amma cikinsu ya bambanta.

Gurub ɗin 950 irin 2T ne. Ba shi da ma'ajin man inji ko kaɗan, shi ya sa ba a yi masa bidanji, watau canjin man inji. Man yakan shiga gauraye da isansi, ya shafi fistan da ƙarafan ciki, sannan ya ƙone tare da shi. Daga nan ne hayaƙin nan mai shuɗi-shuɗi yake fitowa. Awon da aka fi rubutawa shi ne 50:1, watau mililita 20 na man 2T cikin kowace lita ta isansi. Tankinsa na ɗaukar kusan lita 4, ka ga mililita 80 ke nan. Wasu suna rubuta 40:1, watau mililita 25 a lita, don haka ka duba abin da ke jikin naka. Ka nemi sirinji a farmasi ka riƙa awo da shi, ka gauraya cikin bido, ka girgiza kafin ka zuba. Awon ido shi ke kashe waɗannan injina: in man ya yi kaɗan fistan ya kafe, in ya yi yawa buji ya yi baƙi, salansa ta toshe.

Motopom kuwa 4T ce, isansi tsura take sha, man inji yana can ƙasa a ma'ajinsa. GX160 da GX200 kowanne kusan lita 0.6 yake ɗauka, haka ma ƴan Caina masu lamba 168F da aka kwaikwayo daga gare su. Babban wansu GX390 shi ke kai lita 1.1. Ma'ana, kwalbar lita ɗaya ta fi ƙarfin naka, kada ka juye ta duka. Ajiye injin a ƙasa mai daidai, ka zuba har man ya zo leɓen ramin zubawa. Wajen dubawa kuma, goge sandar awo ka tsoma ta ba tare da ka murɗa ba. Wannan batu na daidaita ƙasa ina so ka riƙe shi sosai, domin a bakin rijiya ko tabki sau da yawa injin a karkace yake zama, mutum ya ga mai ya cika alhali bai cika ba. Wasu injinan suna kashe kansu in mai ya yi ƙasa, amma ba kowanne ke da wannan ba.

Littafin Honda man inji mai lamba 10W-30 ya ambata, ko SAE 30 a wuri mai zafi. A kasuwarmu 15W-40 ya fi samuwa, kuma da zafin Afrilu da Mayu mai wuce digiri 40, ni shi nake zaɓa, muddin kwalbar a liƙe take. Man da ake aunawa a buɗe bakin hanya, ban yarda da shi ba.

Bidanjin farko bayan awa 20, daga nan duk awa 100 ko wata 6. Ka lissafa: mai ban ruwa awa 5 kullum, kwana 20 ya cika awa 100. Da ƙurar hunturu irin ta Adar, shawarata ka rage zuwa awa 50. Ka tsiyaye man tun injin da ɗumi, kuma don Allah kada ka zubar da tsohon mai kusa da rijiya ko cikin garka.

A sauran kula sun yi kusa da juna. Soson iska a wanke shi da ruwa da sabulu, ya bushe sarai, a ɗiga masa mai kaɗan a matse. Tazarar bakin bujin GX160 milimita 0.7 zuwa 0.8 ce, na gurub ya fi saurin datti, shi ya fi son dubawa. Motopom kada ta tashi sai ka cika kan famfon da ruwa, in ba haka ba abin da ke tare yoyo ya ƙone. Gurub kuma a waje yake kwana, hayaƙinsa na kisa cikin ɗaki a rufe.

In an cire albasa za ka ajiye motopom, rufe famfon isansi ka bar ta ta mutu da kanta, don kada ragowar ta daskare cikin karbireta kafin rani mai zuwa.