Ankara ko Kumasi: lissafin da za ka yi kafin ka ɗaure kaya

Ɗan yayata ya same ni a Aboabo bayan La'asar, riƙe da takardar ɗaukar aiki. Wani kamfani ne a Ankara (tamu ta Gana, ba ta Turkiyya ba) ya yi masa tayin albashin da ya ɗara wanda yake ɗauka a nan Kumasi. "Kawu, in tafi?" Na ce, "Ɗana, ka tambayi kuɗin ɗaki?" Sai ya sunkuyar da kai.

Daga haya ake fara wannan lissafi, don ita ce ke karya wa baƙo ƙugu. Dokar haya ta ƙasar nan, wadda aka kafa tun 1963, ta hana mai gida karɓar kuɗin fiye da wata 6 a gaba, amma a garuruwan biyu na shekara ɗaya ko biyu ake nema, in ka yi gardama akwai mai jira a bayanka. A ɗauka misali ɗaki sidi 800 ne a wata. Na shekara biyu ya kama 19,200 a dunƙule, ga la'adar dillali, kuma duk kafin ka ga albashin farko. Ciki da falon da za ka kama a Asawase ko Tafo a nan Kumasi, irinsa a tsakiyar Ankara sai ka ƙara kuɗi sosai. A Nima da Mamobi, zangunan Ankara, ana samun ɗaki da ɗan rangwame, sai dai gidan yawa ne, da layin banɗaki kowace asuba. Ka kuma duba bango da kyau kafin ka biya: in ka ga shatin ruwa ya kai gwiwa, damina na shiga ɗakin. Wannan har Aboabo ba ta tsira ba.

Mai gudun tsadar haya yakan koma Kasoa ko Ashaiman, garuruwan da ke gefen Ankara, sai abin da ya rage a ɗaki ya tafi a kuɗin mota. Tirotiro (ƙaramar bas ta haya) biyu ko uku zuwa wurin aiki, fita kafin gari ya waye, dawowa bayan Isha'i. Kumasi ma tana da cunkosonta, wanda ya taɓa maƙalewa a Kejetiya ya sani, amma daga zangunanmu zuwa Adum, tsakiyar gari, ba tafiya ba ce mai cin rabin yini.

Abinci ya fi sauƙi a Kumasi. Doya da masara da wake daga arewa da kasuwar Techiman suke gangarowa, su fara sauka a nan kafin su ƙara kusan kilomita 250 zuwa bakin teku, kuma mai saye ne ke biyan kuɗin motar. Wutar lantarki kuwa babu riba ko'ina, farashi ɗaya hukuma ke yankawa.

Yanzu albashin kansa. Idan ma'aikacin gwamnati ne kai, malamin makaranta ko nas, tun 2010 aka ɗora ma'aikata kan tsarin albashi na bai ɗaya. Nas ɗin asibitin Komfo Anokye na Kumasi da ta asibitin Korle Bu na Ankara, in matakinsu ɗaya, tushen albashinsu ɗaya ne. Ga irin wannan ma'aikaci, ni dai ban ga dalilin barin Kumasi ba sai in ƙarin girma ne ko karatu. Mai aikin kamfani labarinsa daban: hedkwatocin bankuna, kamfanonin waya da ofisoshin jakadanci suna Ankara, can ake biya da tsoka, can kuma ake saurin sauya aiki. Amma kada adadin da ke kan takarda ya ruɗe ka. Za a cire kashi 5.5 cikin ɗari na fanshon SSNIT (asusun fansho na ƙasa), a cire haraji, abin da ya shigo hannu shi za ka auna da haya da mota. Leburan da ke kan mafi ƙarancin lada, sidi 19.97 a yini a 2025, ko a wane gari yake bai isa ya kama ɗaki shi kaɗai ba.

Ɗan kasuwa ya dubi inda hajarsa ke fitowa. Kayan da ke sauka a tashar jiragen ruwa ta Tema sun fi kusa da kasuwar Makola ta Ankara. Makanike da mai kayan gyaran mota kuwa, Suame Magazin, unguwar makanikai ta Kumasi, ta ishe su. A Suame dai sai bakinka ya iya yaren Tuwi, Hausa a zango take ci.

Akwai kuma abin da ba ya shiga takarda. A nan yaron yana cin tuwon uwarsa, in ya kwanta ciwo akwai mai kai shi asibiti. A Ankara kowane biki ko rasuwa a gida tafiyar awa biyar ce ko fiye, da kuɗin mota zuwa da dawowa.

Na ce ya je Nima wurin ƙanin babansa ya kwana bakwai, ya riƙa shiga mota zuwa ofishin a daidai lokacin aiki, ya rubuta duk sidin da ya fita daga aljihunsa, har na koko da ƙosai. Ya kuma tambayi kamfanin ko za su ba shi rancen kuɗin haya. Jiya da safe na raka shi tasha.