Yaya, Kafin Ki Kama Gida A Manchesta, Nemi Makaranta Tukuna

Assalamu alaikum Yaya. Da fatan kuna lafiya, ke da maigida da yara. Na ga hotunan gidaje ukun da kika turo, na kuma gane wanda ya fi kwanta miki a rai, mai faffaɗan falon nan da sabon kicin. Gidan ya yi kyau, ban musa ba. Amma don Allah kar ki tura wa dillalin ko fam ɗaya sai kin karanta wannan har ƙarshe, domin mu ma da hoto muka zaɓi gidanmu na farko, kuma shekara guda cur muka yi muna ɗanɗana kuɗarmu.

Abin da ban sani ba a lokacin shi ne, a Ingila adireshi ke yanka wa iyali rabonsu. Lambar nan mai haruffa da alƙaluma da ke ƙarshen kowane adireshi, wadda suke kira foskod, da ita ake gane makarantar da ɗanki zai iya samu, da likitan da zai yi muku rajista, da harajin gidan da za ku biya, har kuɗin inshorar mota da ita ake lissafa shi. Sai ki ga gidaje biyu iri ɗaya, titi kawai ya raba su, amma kowanne ƙaramar hukumarsa daban. Abin da muke kira Manchesta a baki ƙananan hukumomi 10 ne: Manchesta ɗin kanta, Salford, Trafford, Stockport, Tameside, Oldham, Rochdale, Bury, Bolton da Wigan. Kowacce ita ke raba guraben makarantunta, ita ke sa harajinta, ita ke kwashe shararta.

Bari in fara da makaranta, don a nan muka fi shan wuya. Makarantar gwamnati kyauta ce, kuma yara 'yan aji ukun farko har abincin rana ake ba su ba tare da an biya ba. Matsalar tana wajen samun gurbi. Idan masu nema suka fi kujeru yawa, ana fara ba yaran da ke ƙarƙashin kulawar hukuma, yawanci sai waɗanda yayyensu ke makarantar, sannan a auna nisan gida. A wurare da yawa awon a miƙe ake yinsa a kan taswira, daga ƙofar gidanku zuwa makaranta, ba ruwansu da yadda hanya ta karkace. Kuma doka ta hana ajin yara 'yan shekara 5 zuwa 7 ya wuce ɗalibai 30, don haka idan aji ya cika, magiya ba ta buɗe shi. Masu shiga firamare suna miƙa takarda kafin 15 ga Janairu, a ba su amsa a tsakiyar Afrilu. Masu shiga sakandare kuwa 31 ga Oktoba ake rufewa, amsa ta fito a farkon Maris. Wanda ya iso a tsakiyar zango, inda aka rage gurbi kawai zai samu.

Mu a Nuwamba muka sauka. Makarantar da muke hangowa ta taga a cike take, aka sa mu a layin jira. Babban yaronmu aka ba shi gurbi a gabas, mai bi masa a yamma, kuma duka biyun kusan lokaci ɗaya ake rufe ƙofa da safe. Na yi hunturu guda ina tura keken jariri cikin ruwan sama daga wannan tashar bas zuwa waccan. A Disamba rana tana faɗuwa kafin ƙarfe huɗu, to kafin in kwaso su biyun mu iso gida duhu ya yi. Har yau idan na tuna yadda mai bi wa babban ke yin barci a kafaɗata a cikin bas da jiƙaƙƙun takalma, sai zuciyata ta sosu.

Saboda haka ki juya tsarin. Ki fara buga wa ofishin ɗaukar ɗalibai na ƙaramar hukumar da kike so, ki faɗa musu shekarun yaranki, ki tambayi makarantun da ke da gurbi a azuzuwansu. Yawancinsu suna wallafa nisan gidan yaro na ƙarshe da kowace makaranta ta ɗauka a shekarar da ta gabata. Wannan awon shi ne da'irar da za ki nemi gida a cikinta. Rahoton masu duba makarantu na Ofsted ma yana intanet kyauta. Tun Satumban 2024 sun daina yi wa makarantun gwamnati hukunci da kalma ɗaya tal, kuma ni hakan ya yi mini daidai, gara a karanta rahoton gaba ɗaya. Amma gani ya kori ji. Tsayuwar minti goma a bakin ƙofar makaranta lokacin tashi, ki ga yadda malamai ke miƙa yara ga iyayensu, ta fi nuna mini gaskiya.

Yanzu ga unguwannin da kika tambaya. Sale da Altrincham suna Trafford, kuma Trafford ce ke da sakandaren gwamnati 7 da ake shiga da jarrabawa. Yaro yana zana ta a watan Satumba na ajinsa na ƙarshe a firamare, yana ɗan shekara 10. Wannan ne ya sa iyaye ke rububin wurin, shi ne kuma ya sa haya ta yi tsada. Unguwanni ne masu tsafta da natsuwa, tarago, wato ƙaramin jirgin ƙasa na cikin gari, yana ratsa su, ga magudanar Bridgewater da mutane ke yawo a gefenta a Sale. Sai dai zama a can bai ba yaro kujera ba, sai ya ci jarrabawar, kuma iyaye da yawa suna biyan mai koyarwa a gida tun shekara guda ko fiye kafin ranar. Babbar 'yarki ta shiga shekara 9, lokacin ya matso. Ku zauna da maigida ku yanke ko kuna son ɗora mata wannan nauyi a shekarar da take koyon sabuwar ƙasa. Ni dai da 'yata ce, da na bar ta ta zauna da gindinta tukuna.

Didsbury da Chorlton su ma suna da kyau, suna da tarago da filayen shaƙatawa, tsadarsu kuma ba ta da nisa da ta Sale. Abu ɗaya za ki kiyaye: kogin Mersey yana bi ta ƙasansu, kuma a ranar 1 ga Janairun 2025 ruwa ya yi ambaliya a Didsbury har aka kwashe mutane. Gwamnati tana da shafin da za ki sa foskod ya nuna miki haɗarin ambaliya a wurin. Fallowfield, inda ɗaya daga gidajen da kika turo yake, unguwar ɗaliban jami'a ce. Gidajen manya ne, bas ba ya yankewa, amma a titunan da ɗalibai suka fi yawa mai jariri ba zai ji daɗin daren Juma'a da Asabar ba. Levenshulme ta fi sauƙin kuɗi, jirgin ƙasa yana kai mutum tashar Piccadilly cikin 'yan mintuna, akwai masallatai a kusa da maƙwabta daga ƙasashe iri-iri. Gidajenta yawanci tsofaffin jeri ne masu haɗe da bango, tsakar gida ƙarama, wurin ajiye mota a bakin titi sai wanda ya riga.

Mu a ƙarshe Prestwich muka koma, a ƙarƙashin Bury. Yara biyun suna makaranta ɗaya, da ƙafa muke zuwa. Filin Heaton Park yana kusa, faɗinsa ya kai eka 600, ba a biyan kuɗin shiga, kuma ba ƙaramin rufin asiri ba ne ga mai yara uku a gida mai ɗaki biyu. Masallaci da karatun allon yara sai mun hau bas zuwa wajen Cheetham Hill, wannan shi ne abin da muka sadaukar. Amma ban ce ki biyo mu ba, ga dalili. Maigidanki a titin Oxford zai yi aiki, kuma taragon Metrolink ba ya bi ta wannan titin. Daga wurinmu sai ya shiga tsakiyar gari ya sake hawa bas. Ga mai aikin dare ko mai fita da asuba, wannan canjin yana cin rai. Ku ku dubi kudu, wajen Withington, Burnage da Levenshulme, inda bas ɗaya ko tafiya kaɗan za ta kai shi. Basukan yanzu duk rawaya ne, suna hannun hukumar yankin tun da aka kammala karɓe su a Janairun 2025, kuma a shekarar fam 2 babba ke biya a hawa ɗaya, yaro fam 1. Tarago kuwa shiyya 4 aka kasa shi, iya shiyyoyin da ka ratsa iya kuɗinka. Iyalin da ke kusa da tasha da makaranta za su iya shekara ba su sayi mota ba.

Sai shi kansa gidan. Kuɗin hayar da kike gani a shafukan neman gida na Rightmove ko Zoopla ba shi ke nan ba. Akwai harajin gida, kuma ɗan haya ne ke biya. An kasa gidaje rukuni 8, daga A zuwa H, bisa darajarsu ta 1991, kowace ƙaramar hukuma kuma da adadin da ta ɗora wa kowane rukuni. Ki tambayi rukunin kafin ki ƙulla magana. Ki kuma nemi takardar da ke nuna yadda gida ke riƙe ɗumi, ita daga A zuwa G take, kuma doka ba ta yarda a ba da hayar wanda ya gaza E ba. Gidanmu na farko E ne. Araha ba ta ado: abin da muka rage a haya, gas ya cinye shi a hunturu, kuma duk da haka bangon yana gumi. Da muka janye durowar kaya a watan Fabrairu, baƙar fumfuna muka tarar ta rufe bayanta, a ɗakin da jariri ke kwana yana tari. Kar ki ɗauki fumfuna da wasa. A 2020 ta yi ajalin wani yaro ɗan shekara 2 a Rochdale, har abin ya kai ga an yi sabuwar doka a kai. Duk gidan da aka nuna miki, a duba kusurwoyin silin, da gefen taga, da bayan kayan ɗaki, a kuma shinshina. Sabon fenti a bango ɗaya tal abin tambaya ne.

Wajen biya, dokar kuɗaɗen haya ta 2019 tana bayanki. Kafin alƙalami, wato kuɗin da ake bayarwa a riƙe wa mutum gida kafin a sa hannu, ba ya wuce hayar mako 1, kuɗin ajiya ba ya wuce na mako 5 a irin gidajen da muke nema, kuma dole mai gida ya sa shi a asusun kariya da gwamnati ta amince da shi cikin kwana 30. Dillali ba shi da ikon karɓar kuɗin cike takarda ko na nuna gida. Duk wanda ya ce ki turo kuɗi kafin wani naki ya shiga gidan da ƙafarsa, ki rabu da shi. Shawarata ku kama wurin wucin gadi na wata ɗaya ko biyu, ku zaga da idonku.

Likita bai ba mu wahala ba. Rajista kyauta ce, sai dai kowane asibitin unguwa yana da iyakar yankin da yake ɗauka, don haka ki duba shi tare da makaranta. Likitan haƙori na gwamnati shi ne mai wuyar samu, ki fara nema tun makon farko. Shi kuma ɗan autanki mai shekara 3 yana da awa 15 a mako kyauta a makarantar reno, mako 38 a shekara, amma nan ma masu kyau cika suke yi.

Abu na ƙarshe da nake yi yanzu kafin in ce wa kowa unguwa ta yi: ina zuwa sau biyu. Ranar aiki da ƙarfe uku na yamma, in ga ko yara suna tafiya gida da ƙafa, ko akwai wurin tsallaka titi, ko keken jariri zai wuce a gefen hanya. Sannan in koma da daddare in ga fitilu, in saurari hayaniya, in ga su wa ke tsaye a bakin shaguna. Idan na ga wata uwa a filin wasa, nakan yi mata sallama in tambaye ta. Ba a taɓa ƙin amsa mini ba, kuma su ne suka gaya mini titin da ruwa ke kwanciya da makarantar da shugabanta ya canza.

Ki turo mini ranakun haihuwar yaran uku da foskod ɗin wurin aikin maigida. Ranar Talata ba ni da aiki, zan je Withington da Burnage lokacin tashin makaranta, in ɗauko miki bidiyon tituna da bakin ƙofofin makarantun, Levenshulme kuma sai Asabar. Ki gaishe da maigida, ki shafa mini kan yara. Allah Ya kawo ku lafiya.