Faifan da ya gagare ni a Kano, a lungun Kumasi na gan shi

Jama'ar gida assalamu alaikum. Masu tambayar ya Kumasi, lafiya lau alhamdulillah, sai dai ruwan sama da baya gajiya. Yau maganar faifan fim ce ta sa na ɗauko waya, dan abun ya tsaya min a rai.

Tunda na kama ɗaki a Aboabo na sayi 'yar talabijin da na'urar DVD ta hannu, sai na ƙudurta zan haɗa ma'ajiyata ta fina-finai, irin waɗanda mutum zai so ko bayan shekara ashirin ya zaunar da 'ya'yansa yace ku kalli wannan. Na san wani zai ce wa yake ta faifai a wannan zamanin, komai na YouTube. To ai mun gani, fim yau yana nan gobe an sauke, ko ka tarar an yanke waƙar da saboda ita ma ka nemo shi, ko wanda ya ɗora ya manna lambar wayarsa tana yawo a fuskar jaruma daga farko har ƙarshe, ga data ba kyauta ba. Su kansu Netflix da suka fara da aika faifai gidajen mutane a Amurka sai a 2023 suka daina, kuma masu tarawa acan har yanzu suna saye.

Wani abokina ɗan Zango, unguwar Hausawa ta nan Kumasi, ne ya ja ni wajen wani dattijo ta ɓangaren Asawase, shago ne ɗan ƙarami a lungu, in ba an nuna maka ba zaka wuce. Muka gaisa nace Baba tsofaffin fina-finan Hausa nake nema, amma na san da wuya a samu a nan. Ya ɗago ya kalle ni yace ɗana kai ɗan ina ne? Nace Kano. Yace cikin gari? Nace ƙwarai. Bai ƙara cewa komai ba ya tashi ya zaro mukulli daga aljihu ya buɗe wata durowa mai gilashi a bayansa.

Wallahi jama'a sai da na nemi wajen zama. Faifai ne jere a tsaye, kowanne cikin kwalinsa na asali, shekara bayan shekara, tun daga lokacin da aka fara barin kaset ana komawa CD. Na zaro ɗaya na juya bayansa sai ga adireshin dillali a kasuwar Ƙofar Wambai, har da lambar tarho ta 064 irin ta kan tebur. Yana da littafi mai kauri da ya rubuta sunan kowane fim, kashi nawa ne, wanne ne yake hannunsa wanne ya ɓace. Mutumin nan bai taɓa taka Kano ba fa. Yace kakansa ne ya zo fataucin goro ya zauna, shi a nan aka haife shi, Kanon da ya sani ita ce ta cikin fim, yana lissafo min unguwanni kamar jiya ya baro.

Sai kuma ya juyo da littafin wajena yace to tunda Allah Ya kawo min ɗan tushe, ga waɗanda nake nema, in ka yi waya gida a samo min. Na farko a jerin Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta yi a 1990, wanda ake cewa shi ne mafarin fina-finan bidiyo na Hausa a Kano. Sauran duk kashi na biyu ne ko na uku na wasu fina-finan da ya rasa. Na bugi ƙirji nace Baba an gama, wannan ai abu ne mai sauƙi.

Na kira wanda zan kira, na sa an zagaya inda ake sayarwa da, amsa ɗaya ce ko'ina: dariya, wai wa yake ajiye faifai yanzu, ya kawo waya a tura masa. Wani ma cewa yayi kwalayen nasa sun daɗe da ƙona su dan sun cika masa shago. Masu turi kuwa abun da yake tashe kawai suke da shi, fassarar Indiya da sabon zango na shirye-shiryen Arewa24. Haka na koma wajen dattijon nan hannu rabbana, yace ba komai ɗana, kai ne ba na farko ba. Wannan "ba na farko ba" ɗin ta fi zagi ciwo, dan ma'anarta ya riga ya san halinmu.

Kuma ku ji yadda yake ciniki. Duk faifan da zaka saya sai ya saka a na'ura a gabanka, ya nuna maka farko, ya tsallaka tsakiya, ya kai ƙarshe, in ka je gida ya maƙale ka dawo da shi ya canza maka ba musu ba ɗaure fuska. Wanda guda ɗaya ya rage masa baya sayarwa ko nawa zaka bayar, sai dai ya kwafa maka, kuma zai faɗa maka da bakinsa wannan kwafi ne. Mu a gida fa? Kaya in ya bar shago ya zama naka, ka dawo ace na'urarka ce mara kyau.

A wajensa na koyi abubuwan da duk shekarun da nayi ina sayen faifai ba wanda ya taɓa gaya min. Ka juya ƙasan faifai, in fari ne kamar azurfa to yawanci bugun kamfani ne, ya fi daɗewa. In ya ɗan yi shuɗi ko shunayya to a kwamfuta aka kwafa, wani rini ne a ciki wanda zafi da hasken rana suke kashewa a hankali. CD kuma ta saman nan da ake rubutu ne ya fi rauni, dan bayanan suna dab da wajen, ka karce shi da biro mai tsini ka gama da shi, shi DVD nasa a tsakanin roba biyu yake. In zaka goge daga tsakiya zaka ja zuwa baki, ba zagayawa ba, mu kuwa da gefen riga muke murzawa muna hura masa iska.

Kar ku ɗauka nan ɗin aljanna ce. Masu tallan faifai na bakin titi wajen Kejetia da Adum duk kanwar ja ce da namu, dan da yawa daga kayan ma ta hanyar Legas suke shigowa, su bi Kwatano da Lome su faɗo ta Aflao. Irin ashirin a ɗaya ɗin nan, faifan DVD na yau da kullum gig 4.7 yake ɗauka, wanda fim guda ko biyu ne zasu zauna a ciki da kyau, an danna masa ashirin, to ya hoton zai kasance? Fuskar mutum duk ta dagule, da an shiga duhu a fim sai dai ka bi da kunne. Na sayi wani dogon shiri mai zango-zango, na raba dare ina bi, ana dab da gano wanda yayi kisan faifan ya koma farko, kashi na ƙarshe babu shi sam, na koma mai tallan ya canza waje. Sannan da sun ji harshenka na Najeriya kuɗi ya hau. Ga wani ruɗanin, tun 2007 aka cire sifili huɗu daga kuɗinsu amma har yau wasu da tsohon lissafi suke magana, mutum ya ce maka dubu ɗari biyu gabanka ya faɗi, ashe sidi 20 na sabon kuɗinsu yake nufi.

Inda ake samun na asali masu kyau shi ne shagunan kayan gwanjon Turai, waɗanda ake zubo su a kwantena tare da firji da dutsen guga. Nan zaka ga shiri cikakke a kwali ɗaya, tsaf kamar ba a taɓa buɗewa ba, kuma da araha dan ba kowa ke kulawa ba. Amma a kula da lambar yanki da ke bayan kwalin, Amurka 1 ce, Turai 2, mu nan da Indiya 5, wata na'urar ta babban kamfani sai ta ƙi karɓa, 'yan Chana marasa suna kuwa yawanci komai ka basu ci suke. Da yake 'yan Ghana sun yi yawa a Jamus, musamman Hamburg, sau da yawa kana sakawa zaka ji ɗan kaboyi yana zuba Jamusanci, sai ka shiga menu ka nemo Turanci in an yi sa'a akwai. Babbar matsalata dai laima ce. Mu a Kano ƙura da zafi muka sani, nan damina biyu ake a shekara, ka bar kwali a ƙasa kwana kaɗan sai funfuna ta kama takardar har ta hau faifan, dole na sa kafinta ya buga min kanta a sama nesa da bango.

Su ma 'yan Ghana ba wai gwamnati ce ta adana musu tsofaffin fina-finansu ba. Har yau 'yan fim ɗinsu na ƙorafin yadda tsofaffin fina-finan ƙasar suka lalace bayan an sayar da mafi yawan kamfanin fim na gwamnati ga 'yan Malesiya a 1996. Hotunan tallan fim da masu zane suke yi da fenti a buhun fulawa lokacin gidajen bidiyo, yanzu Turawa ne ke saye suna ratayewa a gidajen tarihi. Ɗaiɗaikun mutane ne irin dattijon nan suke riƙe da abun.

To mu ina namu ɗaiɗaikun? Ibro ya rasu a 2014, Ƙasimu Yero a 2017, Samanja a 2023, wa zai nuna min gida ɗaya da aka jera aikinsu cikakke? Muna ta cika baki mu ne cibiya, amma faifai a gidajenmu yara ne ke wasan mota da shi ko a rataye a gona dan korar tsuntsu. Wani lokacin in na saka tsohon fim da daddare naga titin Kano na lokacin, babura ko'ina babu gadar sama ko ɗaya, sai na tuna tsakar gidanmu bayan isha'i, an tada janareta, yaran maƙota sun cika tabarma ana ta a matsa a matsa, ranar bacci sai a hankali.

Dan Allah duk wanda yake da tsofaffin faifai ko kaset a ƙarƙashin gado ko a sito kar ya zubar, ko babu kwali ina so, ko ya karce ina so, akwai mai wanke su a nan. A ɗaure a kwali a sa tsumma a tsakani kar su gogi juna, a bawa direbobin da ke zuwa Ghana, ni zan biya kuɗin mota in ya iso. Masu kashi na biyu da na uku su na fi buƙata, zan ɗauki hoton shafin littafin Baba na saka muku anjima in wuta ta dawo.