Kuɗin wa za ka ɗauka ka yi fim ɗin talakawa?

A ce labarinka na wata yarinya ce mai tallar awara a tasha, ko magidancin da aka sallama daga masaƙa ya koma tuƙa adaidaita sahu. Babu rawa, babu waƙa, babu gidan bene. Irin wannan fim ba ya cin kuɗi sosai, amma samun wanda zai zuba kuɗin shi ne aikin. Ni dai kafin in karɓi sisin kowa, tambaya biyu nake yi: idan an gama, fim ɗin na wa ne? Kuma wa ke da ta cewa a teburin edita?

Ban koyi wannan a aji ba. Wata ƙungiya ce ta taɓa ɗaukar nauyin wani gajeren fim da na yi kan yaran da ke kwana a kasuwa. Mun yi kwana tara a lokeshan, yaran suka saki jiki da mu har suna mantawa da kyamara. Da na kai aikin sai jami'in ya ce ƙarshen ya yi duhu, a ƙara fitowar da wani ma'aikacinsu zai zo da riga mai tambari ya mayar da yaron makaranta. Na ƙi. Ya buɗe shafi na shida na yarjejeniyar da na sa wa hannu ban karanta ba, ya ɗora yatsa a kan layin. Yau fim ɗin yana cikin kwamfutarsu, ko a bikin suna ba ni da ikon haska shi. Kuɗin ƙungiyoyi yana zuwa da wuri, amma sau da yawa talla kake yi musu da sunan fim.

'Yan kasuwar da suka riƙe harkar a zamanin faifai, satar fasaha da waya sun gama da wannan hanya, kuma dama can ba sa sayen fim marar waƙa. Rancen banki, irin NollyFund da Bankin Masana'antu ya buɗe a 2015, bashi ne da kuɗin ruwa. Fim ɗin da ba shi da tabbacin shiga sinima ba ya biyan bashi. Kamfanin Amazon, mai haska finafinai ta intanet, ya dakatar da ɗaukar nauyin sababbin ayyuka a Afirka a farkon 2024, don haka a ajiye wannan mafarkin.

YouTube ya fi su mutunci, domin fim yana nan a hannunka. Sai dai ba ya ba ka kuɗin yin aiki, bayan ka gama ne yake tsakuro maka. Sai ka tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo kafin ka fara cin kuɗin talla mai kyau, kamfanin ya riƙe kashi 45 cikin ɗari, kuma tallan da ake sa wa mai kallo a Najeriya ko Nijar ba ya da tsoka. Ga wata matsalar: fitowar da ta nuna shaye-shaye ko duka tana iya sa alamar dalar da YouTube ke sa wa bidiyonka ta koma ruwan ɗorawa, talla ya ragu. YouTube ya dace da fim mai dogon zango da ke fita duk mako. Tashoshi irin Arewa24 ma sun fi son abin da zai cika musu zango.

Abin da na fi so shi ne tallafin rubutu daga asusun bukukuwan fim, musamman Hubert Bals na bikin Rotterdam a ƙasar Holan, wanda ke aiki tun ƙarshen shekarun 1980 domin masu fim na Afirka, Asiya, Latin Amurka da Gabas ta Tsakiya. Tallafin rubutu da shirin aiki yakan kai Yuro 10,000. Ba zai ɗauki fim gaba ɗaya ba, amma zai ba ka watanni ka zauna da mutanen da kake labarinsu, ka ji yadda suke magana, ka sake rubutu har sau biyar ba tare da mai gidan haya ya tsaya maka a ƙofa ba. Fim irin wannan a nan yake rayuwa ko ya mutu. Labarin naka ne, ba wanda zai sa maka riga mai tambari. Kuma sunan asusun a takardarka yana buɗe ƙofa ta gaba: asusun World Cinema Fund na bikin Berlin da aka kafa a 2004, ko tallafin hukumar fim ta Faransa, wanda sai da furodusa Bafaranshe ake nema. A nan ne za ka buɗe ido, domin haɗin gwiwa yana nufin raba haƙƙin mallaka. Aibin wannan hanya a fili yake: da Turanci ake cika takardu, masu nema suna da yawa, kuma jira yana iya cinye shekaru.

To, a bakin wannan ƙofar ne 'yan damfara suka shimfiɗa tabarma. Wani zai same ka a WhatsApp ya ce yana da ɗan'uwa a kwamitin, ka ba da kuɗin fom da na goro. Babu asusun gaske da ke aika wakili ya karɓi kaso kafin a ba ka tallafi. Shafinsu a buɗe yake ga kowa. Akwai kuma bukukuwan bogi da ke turo saƙon taya murna tun ba ka aika musu fim ba, sannan su ce ka biya kuɗin kofi da na tambarin bikin mai zanen ganye da za ka liƙa a fasta. Bikin gaske yana iya karɓar kuɗin shiga gasa, amma ba ya sayar da lambar yabo. Ka nemi hoton zauren da suka haska fim bara da mutane a zaune. Bikin fim na FESPACO na Wagadugu yana nan tun 1969, Zuma na Abuja da KILAF na Kano kowa ya san inda ake yin su.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne dillalin da ke zuwa bayan fim ya yi suna, da takarda mai cewa ya karɓi haƙƙin sayarwa a duk duniya na shekara goma sha biyar, kuma zai cire abin da ya kashe kafin ka ga kwabo. Ka sa a rubuta iyakar abin da zai cire, ka rage shekarun, ka ware Najeriya da Nijar da YouTube ɗin Hausa su zama naka. Idan ya ƙi, ka kai takardar wurin lauya tun biro yana aljihunka.