Tiyatar ɗame fuska ko allura: wanne ya dace da wa?

'Yar'uwarmu ta ce shekarunta sun haura 50, kumatunta sun saki har sun fara sauka gefen haɓa, kuma ta fara gudun shiga hoto. Tana tambaya: tsakanin tiyatar ɗame fatar fuska da alluran da ake yi wa fuska, wanne ya fi, kuma da gaske ne mutum yana samun ƙwarin gwiwa bayan an yi?

Hajiya, kafin a ce wanne ya fi, sai an san abin da ya canza a fuskar, domin tsufan fuska ba daga wuri ɗaya yake zuwa ba. Fata tana rasa kolajin, sinadarin da ke riƙe ta da ƙarfi, a hankali tun mutum yana ɗan shekara 20 da wani abu, ga mata kuma raguwar tana yin sauri sosai a shekarun farko bayan ɗaukewar al'ada. Kitsen da ke ƙarƙashin fata wani ya narke, wani ya gangaro ƙasa. Ƙashin ma yana raguwa: ramin ido ya faɗaɗa, muƙamuƙi ya ɗan tsuke. Ga kuma tsokar da ke motsi duk lokacin da aka yi dariya ko aka haɗe rai, wadda ke barin layuka a goshi da gefen ido. Ki ɗauki matashin kai da ya daɗe, audugarsa ta kwanta, rigarsa ta yi masa yawa. Wani gyaran ƙara auduga ne, wani kuma rage riga ne a sake ɗinki. Wanda ya yi ɗaya a inda ake bukatar ɗayan, ɓata kuɗi kawai ya yi.

Allura iri biyu ce da mutane ke yawan haɗa su a baki ɗaya. Botox, wanda hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince a yi amfani da shi don layukan tsakanin gira a 2002, yana hana saƙon jijiya isa ga tsoka ne, sai tsokar ta lafa, layin da take jawowa ya kwanta. Yana fara nunawa cikin kwanaki kaɗan, ya kai ƙarshen aikinsa a mako 2, ya saki bayan wata 3 zuwa 4. Goshi da gefen ido ne fagensa. Ba ya ɗaga kumatun da suka zubo ko kaɗan. Ta biyun ita ce allurar cike gurbi, galibi da sinadarin hayaluronik, wadda ake zubawa inda fuska ta rame, kamar saman kunci ko layin da ya sauko daga hanci zuwa gefen baki. Tana ɗaukar wata 6 zuwa 18, ya danganta da irinta da inda aka sa ta. Kyawunta shi ne idan ba ta yi daɗin gani ba, akwai wata allurar da ke narkar da ita.

Matsalar tana farawa ne idan aka ce da allurar cike gurbi za a ɗaga fatar da ta riga ta saki sosai. Sai a yi ta ƙari, fuska ta yi nauyi ta kumbura, kunci ya tashi ya matse ido, mutum ya fita daga kamanninsa, alhali saukar gefen haɓar tana nan inda take. Irin fuskokin da ake gani a ce an yi musu aiki, da yawansu allura ce ta yi yawa, ba wuƙa ba.

Tiyata kuwa ainihin wannan saukar take nufa. Likita yana tsaga daga cikin gashi a saman kunne, ya biyo ta gaban kunne, ya zagaya bayansa. Tun farkon ƙarni na 20 ake yin ta a Turai, amma a lokacin fatar kaɗai ake ja a yanke abin da ya yi saura, shi ya sa fuska ke fitowa a ɗaure kamar iska na kaɗa ta, kuma ba ta jimawa ta sake saki. A shekarun 1970 aka gane cewa shimfiɗar da ke ƙarƙashin fata, wadda likitoci ke kira SMAS, ita ya kamata a ɗaga a mayar inda take, fatar ta biyo ta ba tare da an ja ta da ƙarfi ba. A kan wannan aka gina mafi yawan abin da ake yi yau. Aikin yana cin awanni, ana sa mutum barci ko a ba shi maganin da zai lafar da shi a kashe zafin wurin. Kumburi da taruwar jini a fata suna ɗaukar mako 2 zuwa 3 kafin a iya shiga mutane cikin sakewa, fuskar kuma ba ta gama zama sai bayan watanni. Amfaninta yakan kai kimanin shekara 10. Tsufa dai bai tsaya ba, ya ci gaba ne daga inda aka mayar da shi. Kuma tiyatar ba ta goge ƙananan layukan leɓe, ba ta cire tabon rana, ba ta gyara fatar ido ko gira sai an yi musu nasu aikin daban.

Akwai kuma ɗaga fuska da zare, wanda ake tallatawa a matsayin tsaka-tsaki. Zaren yana narkewa cikin watanni, ɗagawar kaɗan ce, ba ta kuma daɗewa. Ga wadda fatarta ta saki da gaske, ban ga abin da zai tsinana ba.

Wajen haɗari, na tiyata ya fi nauyi, babu ja. Matsalar da ta fi yawan faruwa ita ce jini ya taru a ƙarƙashin fata cikin kwana na farko, har sai an koma an buɗe an fitar. Ya fi samun maza da masu hawan jinin da ba a daidaita ba. Mai shan taba yana cikin haɗarin wani sashen fatar ya mutu don jini bai isa ba, shi ya sa likitoci ke cewa a daina makonni kafin aiki da bayansa, wasu ma ba sa taɓa mai shan taba sam. Ana iya taɓa jijiyar da ke sa fatar kunne jin taɓi, wurin ya daina jin taɓi na tsawon lokaci, ko kuma, da wuya dai, jijiyar da ke motsa fuska. Mai duhun fata kuma sai ta duba jikinta: idan ƙaramin rauni ko hujin kunne ya taɓa bar mata tabo mai tashi ya yi tauri, lallai ta faɗa wa likita tun kafin a yi maganar ranar aiki. Amma kada a ɗauka allura wasa ce. Botox na iya sa fatar ido ta sauko na wasu makonni. Allurar cike gurbi idan ta shiga jijiyar jini tana iya kashe fata, a wasu lokuta ƙalilan har ta makantar. Wannan kaɗai ya isa ya hana mutum miƙa fuskarsa ga wanda ba likita ba.

Batun ƙwarin gwiwa ne na fi so ki tsaya a kai. Mafi yawan waɗanda aka yi wa tiyatar suna jin daɗin yadda suka koma, wannan gaskiya ne. Sai dai jin daɗin fuska daban, ganin ƙimar kai daban. Wani bincike da mujallar JAMA Facial Plastic Surgery ta buga a 2013 ya nuna hotunan mutane kafin aiki da bayansa ga baƙin da ba su san su ba, sai suka ga sun rage kusan shekara 3 ne kawai. Wani kuma da ya biyo baya a wannan mujallar ya tarar waɗanda aka yi wa aikin suna ganin sun rage kusan shekara 9, amma a jimlace yadda suke kallon darajar kansu bai canza sosai ba. Wadda abu ɗaya takamaimai ke damunta, ta kuma iya nuna shi da yatsa a madubi, ita ta fi fita da murna. Wadda ke fatan aikin ya gyara mata aure ko ya dawo da wani da ya juya baya, ko wadda ke shafe awanni tana kallon aibin da kowa bai gani ba, tiyata ba ta cika warkar da ita ba, likitan ƙwaƙwalwa ya fi kusa da matsalarta.

Daga yadda kika kwatanta, Hajiya, kumatun da suka sauko gefen haɓa aikin tiyata ne, allura ba za ta kai can ba. Idan ba ki shirya wa wuƙa ba, ƙaramar allura a saman kunci na iya sassauta gajiyar fuska, muddin kin san iyakarta. Idan kuma kin yanke shawarar yi, ki nemi likitan da ya ƙware a tiyatar gyaran jiki mai rajista, ki tambaye shi sau nawa yake yin irin wannan aikin, ki ce ya nuna miki hotunan masu irin launin fatarki bayan shekara guda, musamman tabon gaban kunne da bayansa. Ki kuma tafi da jerin duk magungunan da kike sha, har da asfirin da na gargajiya, don wasunsu suna tsinka jini.