Mai Tsara Komai Tun Farko da Mai Gyara a Tafe

Masu rubuta manhajar kwamfuta suna da hanyoyin aiki biyu da suka daɗe suna jayayya a kansu. Ta farko ita ce tsarin gangarar ruwa: a rubuta duk buƙatu, a zana, a gina, gwaji ya zo a ƙarshe. Ruwan da ya gangaro ba ya komawa sama. Masanin kwamfuta Winston Royce ya zayyana tsarin a wata takarda a 1970, kuma abin dariya, a cikin takardar ce ya yi kashedin cewa barin gwaji sai ƙarshe ganganci ne. Haka wani mutum yake. Tun yana ɗan shekara 18 ya gama tsara rayuwarsa, yana 40 ya tarar sana'ar da ya yi wa tanadi ta mutu.

Ta biyu ta samu suna a 2001, da mutum 17 suka haɗu a jihar Yuta ta Amurka suka fitar da sanarwar Ajayil, wato tsarin gyara a tafe. Su ƙaramin abu suke ginawa cikin kamar mako biyu, su nuna wa mai aikin, ya kushe, su gyara. Yaro mai koyon tafiya ke nan, ya faɗi, ya miƙe, ya sake ɗaga ƙafa.

Ni na fi karkata ga ta biyu, ko da yake tana da nata aibin. Akwai wanda kullum yana gyara amma bai san inda ya dosa ba. Sannan manhajar da ke sarrafa jirgin sama ba a gwada ta da fasinjoji a ciki.