Omron M3, na'urar awon hawan jini da na saya wa Inna, da lambar da ba ta tsayawa wuri guda

Ranar farko Inna ta ce na'urar maƙaryaciya ce. Na ɗaura mata a damtse ta nuna 152/94, bayan minti biyu na sake ta nuna 144/90. "Wai wanne ne nawa a ciki?" in ji ta. Na ce, Inna, duka naki ne.

Ni malamar asibiti ce, kuma wannan tambayar tana cikin raina. Ƙarfin jini ba ya zama cak. A gindin ƙwaƙwalwa, inda ta haɗu da laka, akwai wurin da ake kira medula. Daga can saƙo ke sauka ta jijiyoyin simfatetik, waɗanda ke matse hanyoyin jini, su kuma sa zuciya sauri in mutum ya firgita. Saƙon kansa kashi-kashi yake fita, yana bin bugun zuciya, yana bin numfashi. In jini ya ɗan hau, wasu masu jin matsin jini a babbar jijiyar jini ta wuya da ta ƙirji su kai rahoto medula, ta sassauta. In ya sauka ta ƙara matsawa. Wannan kai-komon na haifar da hawa da sauka wajen kowane daƙiƙa 10, abin da wani masani mai suna Sigmund Mayer ya bayyana tun 1876. Balle a ce mutum ya yi magana ko yana jin fitsari.

Abin da ya sa nake son M3 ke nan: tana ɗaukar awo uku na ƙarshe da aka yi cikin minti 10 ta fitar da matsakaici. Shi nake rubutawa in kai wa likitanta, domin a gida 135/85 ne iyakar da ake dubawa. Madaurin yana kama damtse daga santimita 22 zuwa 42, ya ishi Inna ya ishi Baba, kuma kowa da wajen ajiyar awonsa har 60. Batir huɗu take ci, masu girman AA; ku sayi masu kyau, na rahusa da na fara sa wa ba su yi sati uku ba.

Yanzu bayan asuba, kafin ta sha magani, Inna kan jingina da kujera, ƙafa a ƙasa, hannu a kan tebur, ta yi shiru minti biyar. Ita ke danna maɓallin da kanta, sau uku.